Wa ya gina Asibitin Murtala, Turawa ko harajin talakawa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya na raka wani maƙwabcinmu Asibitin Murtala. Ina zaune a inuwa ina kallon ɗimbin mutanen da ke shiga da fita, sai wani tunani ya zo mini, kuma zan faɗe shi ko da za a ji haushina. Wannan asibiti alherin Turawa ne. Sun zo sun same mu da wanzami da mai saiwa, suka gina mana asibiti a Ƙofar Mata tun 1927, ga shi saura ƙiris ya cika shekara 100 amma har yau shi ne gatan talakan Kano. Kullum a nan zagin mulkin mallaka muke yi. To a wannan gaɓar dai ya kamata mu yi adalci mu ce sun kyauta. Wanda yake ganin ba haka ba ne, ga fili ga mai doki.

'Yar Yakasai: Wa alaikumus salam. Yaya, kyauta ita ce abin da mutum ya ciro daga aljihunsa ya ba ka. Ka bincika daga aljihun wa aka ciro kuɗin ginin?

Ɗan Fagge: Daga aljihun gwamnati mana. Wa ke da gwamnati a 1927?

Malamin Tarihi: Ɗana, tambayar da ƙanwarka ta yi maka ita ce gindin maganar, kada ka tsallake ta. A zamanin da kake magana hukuma biyu ce a Kano, kuma kowacce da asusunta. Akwai gwamnatin Turawa, akwai En'e, wato hukumar Sarki. En'e tana da Baitulmalinta, kuma abin da ke shiga cikinsa shi ne harajin da ake karɓa a hannun magidanta da jangalin da ake karɓa a kan shanu da kuɗin kotu da na kasuwa. In an gama tara haraji sai a raba, wani kaso ya tafi wa gwamnatin Turawa, wani ya zauna a Baitulmali. Da wannan kason da ya zauna ake biyan hakimai da alƙalai da 'yan doka, da shi ake yin hanya da makaranta. Asibitin da ke Ƙofar Mata, wanda Turawa suka kira City Hospital, mu kuma muke cewa Asibitin Birni, na En'e ne. Ba daga Landan aka aiko da kuɗinsa ba. Ƙa'idar Ingila ma a kan ƙasashen da ta mallaka ita ce kowace ta ciyar da kanta da abin da aka tara a cikinta.

Ka duba abin da aka yi a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926 ya rasu a 1953. Makarantar Midil, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, 1927. Ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki, 1931. Makarantar koyon aikin duba-gari, 1932. Asibitin yana cikin wannan jerin. Baitulmalin Kano ya fi na kowace En'e a Arewa kauri, shi ya sa Kano ta iya abin da wasu masarautu ba su iya ba. Da alherin Bature ne, me ya hana shi zuba irinsa a kowane gari?

Kuma kada ka manta, Turawan suna da nasu wurin jinya a Nassarawa, can inda suke zaune. Dokarsu ta tsarin gari ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, wai don kada sauron da ya cije mu ya cije su. Mutumin da ya auna tazara tsakaninka da shi da igiya, sai ka yi nazari kafin ka kira shi mai ƙaunarka.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, na ji, amma ban gamsu ba. Ita En'e ɗin ta wace ce? Ba Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, ne ke sa hannu a kasafinta ba? Ba Bature ne ya kawo tsarin Baitulmalin ba? Ku ne kuka koya mana a aji cewa Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun yaƙi En'e saboda ta zama sandar da Turawa ke dukan talaka da ita. In ana maganar zalunci sai ku ce En'e ta Turawa ce, in ana maganar asibiti sai ku ce tamu ce. A zaɓi ɗaya.

Malamin Tarihi: Wannan magana ce mai nauyi, kuma na karɓe ta. Gaskiya ne, En'e ba ta kashe sule sai da yardar Razdan, kuma Bature ne ya tsara ginin, Bature ne likitan farko. Ban musa ba. Amma izini daban, dukiya daban. In mutum ya ƙwace jakarka ya riƙe, ya ce ga abin da na yarda ka saya da kuɗinka, kuma abin ya yi maka amfani, za ka iya cewa ya yi shawara mai kyau. Ba za ka ce ya yi maka kyauta ba. En'e sanda ce a hannun Turawa, haka ne, amma kuɗin da ke cikin asusunta gumin manomi ne. Babu karo tsakanin maganganun biyu.

Jikan Manomi: Ni ba ɗan birni ba ne, daga ƙasar Bichi nake, ku bar ni in sa baki. Kakana ya ba mu labarin yadda ake haraji. Da kaka ta yi, dagaci ya aiko, mai unguwa ya bi gida gida. Kuɗi ake so, tsaba, ba damin gero ba. To ina manomi zai sami tsabar kuɗi? Sai ya noma gyaɗa ya kai wa ɗan kamasho a kan farashin da aka yanka masa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 haka abin yake, gyaɗa ta tafi Ikko, kuɗin ya dawo ya wuce hannun dagaci. Wanda bai samu ba ya sayar da akuyar matarsa, ko ya tafi cin rani, ko a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci. Kakana ya ce ya biya haraji fiye da shekara 40, sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 ya huta. Kuma bai taɓa kwanciya a Asibitin Birni ba, domin kafin a ɗora maras lafiya a jaki daga ƙauyenmu zuwa Ƙofar Mata, mai aukuwa ta auku.

Saboda haka ni ƙorafina ya wuce na Malam. Ba Turawa kaɗai ba, har ku mutanen birni bashinmu kuke ci. Ƙauye ya biya, birni ya kwanta a gado.

'Yar Yakasai: Wannan ta taɓa ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Malamin Tarihi: Bai faɗi ƙarya ba. Abin da aka saba rubutawa shi ne da gado 16 aka buɗe asibitin, a masarautar da mutanenta suka kai wajen miliyan biyu. Ku raba ku gani.

Ƙaramin Likita: Iyayena da yayyena, ni zan tsaya kusa da Ɗan Fagge, ko da ba a inda ya tsaya ba. Kuɗi gini yake yi, ba ya yin tiyata. Da an tara harajin Kano kaf a 1927 aka damƙa wa Sarki, ba tare da likitan da ya san yadda ake sa mutum barci a yanka shi a ɗinke ba, da ɗakuna kawai za a samu. Ilimin daga waje ya zo, wannan ba abin kunya ba ne a faɗa.

Sai dai kuma kada mu ɗauka asibitin 1927 irin na yau ne. Lokacin da aka buɗe shi ba a ma gano fenisilin ba, sai 1928, kuma bai wadata a hannun likitoci ba sai shekarun 1940. Maganin M&B da ya riƙa ceton masu sanƙarau a 1938 ya fito. To me likitan farko yake da shi? Kinin na zazzaɓi, wankin gyambo, allurar tunjere, lambar agana, da wuƙar tiyata. Wuƙar ce ta fi jawo masa suna, domin mai gwaiwar da ya yi shekaru yana fama, a yi masa aiki ya koma gida da ƙafarsa, wannan duk unguwa sai ta ji. Amma mai ciwon haƙarƙari ko sanƙarau, a wancan lokaci abin da asibiti zai yi masa bai fi abin da za a yi masa a gida da yawa ba. Kakanninmu da suka ƙi zuwa ba duka ne jahilci ya hana su ba.

Almajirin Malam: Likita, ina da gyara. Kana cewa ilimin daga waje ya zo, kamar asibiti ƙirƙirar Nasara ce. Musulmi sun yi asibitoci tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza. Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira a 1284, da ɓangaren maza da na mata da na masu ciwon ido da na masu taɓin hankali. A nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Kayanmu ne ya zaga ya dawo.

Malamin Tarihi: Duk abin da ka ambata gaskiya ne, amma mu tsaya a Kano. Kafin 1903 muna da wanzamai masu ƙaho da kaciya da cire beli, muna da masu ɗori da har yau ake zuwa wurinsu, muna da ungozoma a kowace unguwa, muna da malamai masu rubutu da masu saiwa a Kasuwar Kurmi. Makafi da kutare suna da unguwanninsu da sarakunansu, wannan ma tsari ne na kula da masu lalura. Abin da ba mu da shi shi ne gida guda da za a kwantar da maras lafiya, baƙo ko ɗan gari, a sa ma'aikata masu albashi su kwana a kansa. Wannan sabon abu ne a Kano. In muka ce ba sabo ba ne don mu ci gardama, mun yi wa tarihi ƙarya, kuma ni ba zan bi ka can ba.

Almajirin Malam: Na karɓi gyara, Malam. Nufina kada a ce addininmu bai san abin ba.

Hajiya Metiron: Tun safe nake karanta ku ban ce komai ba. Duk ku maza kuna ta maganar wa ya ba da kuɗi, wa ya zana gini. Ni na yi aikin jinya da ungozomanci fiye da shekara 30 a asibitocin jihar nan, har da Murtala, kuma ina so in gaya muku gini ba shi ne asibiti ba. Asibiti yarda ce. Ranar da magidanci ya amince ya ɗauko matarsa da ke kulle, tana naƙuda, ya kawo ta hannun mutanen da bai sani ba, ranar ce aka gina asibiti. Wannan kuwa ba Razdan ya yi shi ba, ba Baitulmali ba.

Waɗanda suka koya mana aiki sun ba mu labarin yadda suka sha. Mace ta shiga aikin asibiti a wancan zamani, a ce ta lalace, a ce tana taɓa maza, a ce ba za ta auru ba. Mutane suna cewa wanda aka kai asibiti ba ya dawowa, alhali dalilin shi ne ba a kawo shi sai ya riga ya galabaita. Su waɗannan matan ne suka riƙa shiga gidaje, suna gaisawa da uwar miji, suna rarrashin ungozomar unguwa kada ta ji an ƙwace mata aiki, har aka saba. Da Hausa aka yi wannan aikin, da sanin ya-kamata, da durƙusawa a gaida manya. Babu Baturen da zai iya shi. Kuma zaman asibitin a bakin Ƙofar Mata, kusa da marina da masallacin Juma'a da fada, a ƙarƙashin sunan Sarki, ya taimaka ƙwarai. 'Yan mishan ba a bar su sun kafa komai a cikin ganuwa ba. Asibitin ido nasu da aka buɗe a 1943 a waje yake, wurin kutare na Yadakunya ma can bayan gari. Da a ce wannan ma na mishan ne, da an daɗe ba a kai mace ba.

To amma ɗana na Fagge, ga inda zan ba ka gaskiya. Akwai Baturen da ni da bakina nake yi wa fatan alheri, Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan. Aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga a Katsina, ya tarar da mata masu yoyon fitsari babu mai kula su, ya koma kansu tun shekarun 1980. Cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala tana cikin wuraren da ya yi ta zuwa yana aiki yana koyar da likitocinmu. Ku maza ba ku san mene ne yoyon fitsari ba. Yarinya ce za ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Yawanci ɗan ba ya zuwa da rai. Wata kuma yankan gishiri ne ya jawo mata. Daga nan fitsari ba ya tsayawa dare da rana, miji ya sake ta, a ware mata kwano da tabarma. Na ga irin waɗannan 'yan mata an yi musu aiki, an cire robar bayan makonni, sun tashi sun ga zanensu a bushe. Kukan da suke yi a ranar ban taɓa sabawa da shi ba har na bar aiki.

Wannan Bature ya kyauta, kuma zan faɗa a ko'ina. Amma shi mutum ne da ya zo da ƙafarsa bayan an sami 'yanci, ya zauna cikinmu. Ba shi ne mulkin mallaka ba. Kada ka ɗauki ladan mutum ka ba wa gwamnatin da ta zo da bindiga.

'Yar Yakasai: Allah ya saka da alheri, Hajiya. A can aka haife ni, a can na haifi biyu. Wadda ta karɓi haihuwata ta fari ta girmi mahaifiyata, tana riƙe da hannuna tana cewa in yi ta salati. Har yau in na wuce ta Ƙofar Mata sai na yi mata addu'a, ko sunanta ban sani ba.

Badamagare: Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan Faransa ta mulke mu, kuma abin da Jikan Manomi ya faɗa mun san shi, har da aikin tilas a kai. Tun ina yaro nake ganin mutanenmu suna bin hanyar Matamaye da Daura zuwa gidan likita a Kano, musamman masu ciwon ido da masu karaya da ake kai wa asibitin ƙashi na Dala. Ba wanda ya taɓa ce musu ku koma ƙasarku. In ana lissafin gadon asibitocin Kano a sa wannan a ciki.

Ɗan Kurna: Ni mamaki nake a ce wani yana yabon Turawa a kan asibitin da suka zo suka gwada magani a kan 'ya'yanmu a 1996. Ko an manta?

Ƙaramin Likita: Ba a manta ba, amma ba a Murtala aka yi ba. A Asibitin Zana ne, na cututtuka masu yaɗuwa, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan, yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin ya yi mana illa mai tsawo, domin yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Yardar da Hajiya ta ce an yi shekaru ana ginawa, ka ga yadda ake rusa ta cikin 'yan makonni. Amma a ajiye kowane laifi a inda aka yi shi.

Ɗan Kurna: To na ji. Na ɗauka duk wuri ɗaya ne.

Jikan Manomi: Tunda ana gyare-gyare, ni sunan ma yana damuna. Janar Murtala ɗan Kano ne, muna ƙaunarsa, an kashe shi a Legas ran 13 ga Fabrairu 1976 bayan mulkin da bai wuce wata bakwai ba. Amma yana da filin jirgin Legas, yana kan takardar naira 20, yana da masallaci da tituna. Asibitin ya girme shi, shi a 1938 aka haife shi. Da an bar shi Asibitin Birni, da yaro irin Ɗan Fagge ya tambayi wane birni, wa ya gina.

'Yar Yakasai: A'a, a nan na rabu da kai. Talaka ne ya riƙe sunan nan da hannu biyu. Ka tsayar da mai adaidaita a ko'ina cikin Kano ka ce Murtala, ba zai tambaye ka titi ko masallaci ba, asibiti zai kai ka. Sunan ya zauna daidai, domin mutumin da talakawa suka yi kukan rashinsa aka ba wa asibitin talakawa. Kai da ka ce ƙauye aka zalunta, sunan Asibitin Birni ai ƙara tabbatar da zaluncin yake yi.

Jikan Manomi: Kin kama ni a nan. Amma dai a rubuta tsohon sunan a wani allo a bakin ƙofa.

Ɗan Fagge: Na saurari kowa. Na janye kalmar kyauta, tunda Malam ya nuna mini asusun da aka ciro kuɗin. Amma rabin maganata tana nan ba wanda ya taɓa ta. In mu muka gina shi da harajinmu a lokacin da muke ƙarƙashin wasu, me ya sa bayan shekara 60 da wani abu da 'yanci, da kuɗin fetur, har yanzu nan ne kowa ke tururuwa? Ku je da safe ku ga layin yankar kati. A ƙarƙashin Razdan an tara kuɗi an yi abin da ya kai shekara 100. Wannan tsarin da riƙon amanar nake yaba wa, kuma ban ga wanda ya karya mini shi ba.

Ƙaramin Likita: Yaya, ba daidai ba ne a ce ba a yi komai ba. Asibitin da ka gani jiya ba ginin 1927 ba ne, kusan duk abin da idonka ya gani an yi shi ne daga baya, ɓangare bayan ɓangare, tun daga zamanin Audu Bako da aka ƙirƙiro jihar a 1967 har zuwa yau. Daga gado 16 zuwa ɗaruruwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, a cikin Murtala ya fara zama kafin ya koma mazauninsa na Titin Zariya a 1996, kuma ɗaliban likitanci na farko na Jami'ar Bayero a ɗakunan Murtala suka koyi duba maras lafiya. Ga Hasiya Bayero na yara, ga na Sir Sanusi, ga na ƙashi a Dala tun 1959, ga na Giginyu.

Abin da ya sa layin bai ragu ba, jama'a ce ta ninka ta sake ninkawa. Ƙidayar 2006 ta ba Kano sama da mutum miliyan 9, bayan an cire Jigawa a 1991. Sannan mai zazzaɓi da mai gudawa da mai awon ciki, waɗanda ya kamata a gama da su a ƙaramin asibitin unguwa, duk Murtala suke nufa, saboda sun san ko ƙarfe nawa ne za su tarar da likita kuma ba za a kore su don ba su da kuɗi mai yawa ba. Cunkoson shaidar yarda ce, kuma shaidar cewa ƙananan asibitoci ba su tsaya da ƙafarsu ba. Wannan laifinmu ne, ban kai shi Landan ba. Ga kuma likitocin da muke horarwa suna tafiya Saudiyya da Ingila.

Ɗan Fagge: To ka ga ka dawo kan maganata.

Ƙaramin Likita: Na dawo kan rabinta. Gazawarmu ta yau ba ta mayar da harajin kakan Jikan Manomi kyautar Bature ba.

Malamin Tarihi: Kuma riƙon amanar da kake yabo, ɗana, ka tuna abin da aka bari ba a yi ba don asusu ya yi kauri. Ana tara rarar kuɗin En'e ana ajiyewa a Ingila, alhali yawancin ƙasar Kano ba makarantar boko ba ɗakin shan magani. Mai gado 16 ga mutum miliyan biyu ba shi da wahalar tsabtace ɗaki. Ban ce shugabanninmu na bayan 'yanci sun fita ba, Allah ya sani ba su fita ba. Amma ma'aunin da kake auna su da shi ba na gaskiya ba ne.

Ɗan Fagge: A wannan ban sauka ba, Malam, da girmanka. Kaɗan mai kyau ya fi mai yawa da ba a kula da shi.

Jikan Manomi: Haka wanda yake cikin 16 ɗin zai ce.

Hajiya Metiron: Ku bar shi, yaro ne mai tunani, kuma ciwon abin ne ya sa shi magana. Ni abin da nake so ku tuna shi ne daren 20 ga Janairu 2012, da aka kai hare-haren bama-bamai a Kano, da Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, ranar da aka kai hari babban masallaci. Daga masallacin zuwa asibitin tafiyar ƙafa ce. A kafaɗa da baro da adaidaita aka riƙa kawo mutane. Na riga na yi ritaya a lokacin, amma da na ji sai na ɗauki mayafina na tafi, na tarar da waɗanda ba su ke bakin aiki ba sun riga ni, ga samari sun cika harabar suna miƙa hannu a ɗebi jininsu. Ba wanda ya kira su da suna. Sun zo ne don sun san wurin nasu ne.

Malam, kai da ka san hanyar takardu, ina da roƙo. Waɗanda suka yi aiki a can tun ana ce masa Asibitin Birni saura 'yan kaɗan, kuma duk shekara muna zuwa ta'aziyya. Akwai wata da ta koya mini karɓar haihuwa, tana nan da ranta a cikin gari, idonta ya tafi amma hankalinta garau. In ba a je an ɗauki maganarsu yanzu ba, 2027 za ta zo a yi taro a yanka kek, ba wanda zai iya faɗin yadda aka shawo kan mace ta farko ta kwana a ɗakin haihuwa.

Malamin Tarihi: Na ɗauka, Hajiya. Takardun En'e na wancan zamani akwai su a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma abin da za a nema a Gidan Ɗan Hausa. Zan fara da nan gida. Amma zuwa wurin tsohuwar sai da ke, ba za ta saki jiki da ni ba. 'Yar Yakasai ta zo da waya ta ɗauki murya.

'Yar Yakasai: Asabar bayan la'asar ta yi mini.

Ɗan Fagge: Ni zan kai ku a motata. Ina so in tambaye ta da bakina yadda Turawan suke da marasa lafiya, in ji daga wadda ta gani.

Hajiya Metiron: Ka zo, amma ka taho da goro da turare, kuma ka bari sai ta gama ba da labarinta kafin ka yi tambayarka.